Tarihin Karl Schwarzschild, Sojan Da Ya Auna Baƙin Ramin Sama

 Yau za mu leƙa ƙasar Jamus ne, mu kawo muku tarihin wani masanin taurari mai suna Karl Schwarzschild, wanda ya yi wani lissafi a fagen yaƙi, ya rasu kafin wata biyar ya cika, amma sai da aka shekara fiye da 100 kafin a ga hoton abin da lissafin nasa ya nuna.

An haifi Karl ranar 9 ga Oktoba, 1873, a birnin Frankfurt, a gidan wani Bayahude ɗan kasuwa, kuma shi ne babba cikin 'ya'yan gidan. Uban yana lissafin kuɗi, shi kuwa ɗan sai hankalinsa ya koma kan lissafin taurari. Yana da shekara 16 aka buga rubuce-rubucensa biyu kan yadda tagwayen taurari ke kewaya juna. Ya samu digirin dakta a Munich a 1896, ya zama farfesa a Gottingen a 1901. A 1909 ya yi aure, aka kuma ba shi shugabancin gidan binciken taurari na Potsdam.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, shekarunsa 40, ba wanda ya tilasta masa, amma ya kai kansa aikin soja. Ya yi aikin duba yanayi a Beljiyam, ya yi wa masu harba igwa lissafi a Faransa, daga baya aka tura shi wajen Rasha.

Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 1915, Albert Einstein ya fito da sabon bayaninsa kan ƙarfin da ke jawo abu ƙasa. A bayaninsa, abu mai nauyi lotsa sararin da ke kewaye da shi yake yi, kamar yadda buhun gero ke lotsa gadon igiya, duk abin da ke kusa ya gangaro gare shi. Sai dai lissafin ya yi wuya, har shi mai shi ƙiyasi kawai ya iya yi, kamar mai kintatar buhu da ido. Karl ne ya ɗora buhun kan sikeli. Ranar 22 ga Disamba, 1915, ya aika wa Einstein cikakkiyar amsa daga fagen yaƙi, shi kuma ya gabatar da ita gaban manyan masana a Berlin a watan Janairu na 1916.

To, me amsar ta ƙunsa? Duk mai sayar da kaya ya san kilo 50 na auduga tuli ne guda, kilo 50 na simintin Malbaza kuwa ɗan buhu ne. Nauyi ɗaya, girma daban. Lissafin Karl ya nuna cewa idan aka yi ta matse abu ba tare da an rage nauyinsa ba, ƙarfin jawowar da ke bakinsa ƙaruwa yake yi, har a kai wata iyaka da ba abin da zai iya kuɓuta daga cikinta, ko da haske ne, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kowane nauyi da tasa iyakar. Rana, mai faɗin kusan kilomita miliyan 1.4, sai an matse ta ta koma faɗin kilomita 6, wato tafiyar da mai tallar nono ke yi da ƙafa daga ruga zuwa kasuwar Badagishiri. Duniyarmu kuwa, da duwatsunta da tekunanta, sai ta koma ba ta kai goro ɗaya ba. Abin da ya kai wannan matsi shi ake kira baƙin rami, iyakar kuma sunan Karl take ɗauke da shi har yau.

Shi kansa Karl abin takarda ya ɗauki wannan iyaka, Einstein ma a 1939 ya yi rubutu yana musun cewa abu zai iya matsuwa haka. Karl bai ga ƙarshen gardamar ba. A wajen yaƙi ya kamu da wata cutar fata mai sa jiki ya yi ta bororo, wadda ba ta da magani a lokacin. Aka mai da shi gida, ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1916, yana da shekara 42. Ya bar mata da ƙananan 'ya'ya uku. Ɗaya daga cikinsu, Martin, ya gaji sana'ar uban, ya bar Jamus a zamanin Hitila, ya zama farfesan taurari a Amurka.

Sannu a hankali gaskiyar lissafin ta fito. A 2015 na'urori a Amurka suka ji girgizar karon baƙaƙen ramuka biyu. A 2019 aka nuna hoton farko na wani baƙin rami da ya ninka rana nauyi sau biliyan 6.5.

Har yanzu da sauran aiki, domin lissafin Einstein ya kasa faɗin abin da ke faruwa a tsakiyar ramin. Wasu masana na neman amsar ta hanyar ka'idar tsirkiya, wadda ke ganin cewa asalin komai wasu 'yan mitsi-mitsin tsirkiyoyi ne masu kaɗawa, kamar yadda tsirkiyar molo ɗaya ke ba da sauti iri-iri. A 1996 Andrew Strominger da Cumrun Vafa suka gwada ta a lissafin wani nau'in baƙin rami, amsar ta yi daidai da ta Stephen Hawking. Amma babu gwajin da ya tabbatar da ka'idar tukuna.

Yaƙin da Karl ya kai kansa, Jamus ta sha kaye a cikinsa a 1918. Lissafin da ya yi a gefen yaƙin kuwa, shi ne ake koyarwa a jami'o'in duniya har gobe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.