Labarin Likita Ronald Ross, Wanda Ya Tona Asirin Sauro

A cikin cututtukan da ke damun mutanen ƙasashen zafi, babu wadda ta kai zazzaɓin damina ɓarna. Kowane hakimi ya san yadda ya kan kwantar da manoma daidai lokacin da gona ke neman hannu, kowane malamin asibiti kuwa ya san yawan yaran da a kan kawo masa jiki rau, saifa ta kumbura. Yau ko yaro ka tambaya zai gaya maka sauro ke kawo shi. Amma shekaru aru-aru ba wanda ya san haka tabbas. Turawa da kansu zato su ke yi mugunyar iska ce mai tasowa daga fadama, abin da sunan maleriya ke nufi ke nan a bakin mutanen Italiya. Mutumin da ya tabbatar da laifin sauro, sunansa Ronald Ross. Ma'aikacin gwamnati ne kamar kowane ma'aikaci, a kan ba shi umurni ya bi, a kan yi masa canjin gari ba da sonsa ba. Saboda haka labarinsa ya dace da ma'aikata.

Asalinsa

An haifi Ross ran 13 ga watan Mayu, 1857, a garin Almora, cikin duwatsun arewacin ƙasar Hindu. Ubansa hafsa ne na sojan Ingila, shi ne kuwa babba a cikin 'ya'ya goma. Yana da shekara 8 aka aika da shi Ingila makaranta. Zuciyarsa ta fi karkata ga zane da waƙa da lissafi, amma ubansa ya nufe shi da likitanci, ya bi, ya shiga asibitin St Bartholomew na Landan a 1874. Bai yi fice a karatun ba, har ya taɓa faɗuwa jarrabawa, ya yi ɗan zama yana aikin likita a jirgin ruwa. A 1881 ya sami shiga aikin likitocin soja na ƙasar Hindu.

Shekarunsa na farko ba su nuna alamar wani abu ba. Sai dai a 1883, yana garin Bangalo, sauro ya hana shi barci, ya duba ya ga tsutsotsinsa cike da wani mazubin ruwa a gindin tagarsa. Da ya kifar da ruwan sai sauron ya ragu. Ya riƙe wannan a ransa, ko da ya ke bai san inda zai kai shi ba tukuna.

Haɗuwarsa da Manson

Tun a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar zazzaɓin a cikin jinin majinyaci a garin Kustantin na Aljeriya. Ross ya yi ta duba jini bai gan ta ba, har ya fara musun akwai ta. Ana nan, a 1894 ya tafi hutu Landan, ya ziyarci wani dattijon likita, Patrick Manson. Shi Manson ya daɗe a ƙasar Sin, can kuwa ya gano sauro kan tsotsi 'yan tsutsotsin da ke kawo tundurmi daga jinin mutum. Ya zaunar da Ross gaban madubin likita, ya nuna masa ƙwayar Laveran ƙuru-ƙuru, sa'an nan ya bayyana masa zatonsa, watau sauro na da hannu a cikin zazzaɓi ma. Manson ba shi da halin bin sawun abin, gama Ingila ba ta da isassun masu zazzaɓi. Ross ya ɗauki nauyin, ya koma ƙasar Hindu a 1895. Cikin shekara huɗu da suka biyo baya wasiƙa 173 ta gudana tsakaninsu, babba na ƙarfafa wa ƙarami zuciya, ƙarami na kawo labarin abin da ya gani.

Wahalar aikin ba kaɗan ba ce. Sauro iri-iri ne, Ross kuwa bai san wanne ne mai laifin ba. Ya kan kama su, ya sa su ciji mai zazzaɓi a cikin gidan sauro, ya jira kwanaki, sa'an nan ya feɗe su ɗaya ɗaya da allura a ƙarƙashin madubi. Shekara biyu yana haka bai ga kome ba, domin irin da ya ke feɗewa ba su ne ke ɗaukar zazzaɓin mutum ba. Ga kuma aikin gwamnati a kansa. Wajen wata 18 ya yi a Bangalo yana fama da kwalara, yana bin unguwanni yana gyaran rijiyoyi da salga da kwata. Shi kansa zazzaɓin ya kayar da shi a 1897.

Ran 20 ga Agusta

A cikin watan Agusta na 1897 yana garin Sikandarabad, ana tsananin zafi. Ba dama a kaɗa masa fanka, don kada iska ta kwashe gutsattsarin sauron da ya ke dubawa. Gumin goshinsa ya sa ƙusoshin madubin tsatsa, gilashin da ya ke sa ido ma ya tsage. Sai ma'aikatansa suka kawo masa wani irin sauro dabam, mai ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda in ya sauka jikin bango ya kan ɗaga gindinsa sama. Shi ne a ke kira Anofilis. Ran 16 ga wata aka sa su suka ciji wani majinyaci da ya yarda, ana biyansa lada a kan kowane cizo. Ross ya yi ta feɗe su, har ran 20 ga wata saura biyu kacal. Da ya feɗe ɗaya, ya bi jikinsa duka bai ga kome ba, ya kusa tashi don gajiya, sai ya daure ya duba fatar tumbin. Nan ya ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kewayayyu, a cikinsu da baƙin ɗigo irin wanda ƙwayar zazzaɓi kan tara a jinin mutum. Kashegari ya feɗe na ƙarshen, ya tarar da su sun ƙara girma. Abin da ke girma kuwa rayayye ne. Ashe ƙwayar tana rayuwa a cikin sauro. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. An buga labarin a jaridar likitocin Ingila ran 18 ga Disamba, 1897, har yanzu kuwa a kan tuna da 20 ga Agusta da sunan Ranar Sauro.

Bai gama murna ba sai ga takardar canji, aka tura shi Kerwara, wani ɗan ƙauye inda zazzaɓi bai cika yawa ba. Aikin ya tsaya cik. Manson ya yi ta kai da kawowa wurin manya a Landan, har a watan Fabrairu na 1898 aka ba Ross izini ya tafi Kalkata ya fuskanci bincike kaɗai.

Tsuntsayen Kalkata

A Kalkata bai sami masu zazzaɓin da za su yarda a gwada da su ba. Sai ya koma ga tsuntsaye, gama su ma suna da nasu zazzaɓin mai kama da na mutum. Wani ma'aikacinsa mai himma, Muhammad Bux, shi ke kamo sauro da tsuntsaye yana kiwonsu. Ross ya bi ƙwayar kwana da kwana. Ya ga ƙullin nan na jikin tumbi ya kan cika ya fashe, ya zubo da waɗansu siraran 'ya'ya masu ɗimbin yawa. A farkon watan Yuli ya iske su sun taru a jakar miyan sauro, wadda ke zuba ta bakinsa sa'ad da ya ke cizo. Don ya rufe bakin masu musu, ya sa sauro masu ɗauke da ƙwayar suka ciji lafiyayyun gwara, mafi yawansu kuwa suka kamu. Manson kansa dā yana zaton ta ruwan sha ƙwayar ke komawa jikin mutum, sai ga shi ta cizo ne. Ya karɓi gyaran, ya kuma sanar da taron likitoci a Edinbara a ƙarshen wannan wata.

A cikin 1898 da 1899 waɗansu masana na Italiya, Grassi da Bignami da Bastianelli, suka nuna haka abin ya ke ga mutum, kuma Anofilis kaɗai ke ɗaukar zazzaɓinsa, macen ce kuwa mai cizo.

Zuwansa Afirka ta Yamma

Ross ya bar aikin ƙasar Hindu a 1899, ya zama malami a sabuwar makarantar cututtukan ƙasashen zafi ta Libaful. A shekarar nan ya zo Firitawun, babban birnin Saliyo, ya sami Anofilis ɗauke da ƙwayar, ya ga kuma a 'yan ƙananan kwatamai na ruwan sama ya ke haihuwa. Ya komo a 1901 da kuɗin da wani attajiri ya bayar, aka ɗauki lebura ƙungiya ƙungiya, waɗansu na kwashe gwangwanaye da fasassun kwalabe, waɗansu na cike ramuka, suna yaye magudana, suna zuba mai a kan ruwan da ya ƙi tafiya. A wannan tafiya ya iso Ikko wurin Gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne. MacGregor ya cike fadamu, ya raba kwinin, ya sa aka koyar da tsabta a makarantu, ya kuma ƙi shawarar masu cewa a raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa a bar talakawa da cutarsu.

A nan akwai abin lura. A Ismailiyya ta ƙasar Masar, inda Ross ya je a 1902, kamfanin mashigin Suwes ya riƙe aikin ba fashi, cikin 'yan shekaru zazzaɓi ya kusa ƙarewa. A Firitawun kuwa, da kuɗin attajirin ya ƙare ba a sami mai ci gaba da aikin yadda ya kamata ba, ramuka suka sake cika, sauro ya dawo. Ilmin ɗaya ne, masu riƙon gari ne suka bambanta.

Lissafinsa

Masu musu su kan ce ba mai iya ƙarar da sauro, saboda haka aikin banza ne. Ross ya amsa musu da lissafin da ya ke so tun yana yaro. A rahotonsa na tsibirin Morishiyos a 1908, da littafinsa na rigakafin zazzaɓi na 1910, ya nuna ba sai an kashe sauro duka ba. Akwai wani ma'auni, in yawan sauro ya sauka ƙasa da shi, kowane mai zazzaɓi ba zai iya harbin wani mutum guda cikakke ba, sai cutar ta riƙa ja da baya har ta mutu da kanta. George Macdonald ya faɗaɗa wannan lissafi wajen 1957, masu binciken annoba kuwa har yanzu a kansa su ke gini.

Halinsa da ƙarshensa

An ba shi lambar Nobel a 1902, shi ne Baturen Ingila na farko da ya same ta, aka kuma ba shi sarautar Sir a 1911. Amma ba za a ɓoye ba, mutum ne mai zafin rai da riƙo. Ya yi shekaru yana jayayya da Grassi a kan wanda ya riga wani, har da Manson, ubangidansa, suka ɓata. Ya kan yi kuka cewa hukuma ba ta sāka masa ba, ya fi yin kuka kuma cewa an san maganin abu an ƙi aikatawa. A 1926 aka buɗe wata cibiyar bincike da sunansa a Landan. Matarsa ta riga shi a 1931, shi kuwa ya mutu ran 16 ga Satumba, 1932, yana da shekara 75.

Abin da ya biyo baya

Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban gwaji a ƙasar Garki, wadda a lokacin ke cikin Jihar Kano. Aka fesa magani a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi ƙauye ƙauye. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma da aka daina sai ya komo, domin cizon ya yi yawa, waɗansu sauron kuma a waje su ke kwana inda feshi bai kai ba. A ƙasar Sin wata mata masaniya, Tu Youyou, ta fitar da magani daga ganyen tazargade a 1972, aka ba ta Nobel a 2015. Aka sami gidan sauro mai magani. A 2012 aka ba da shawarar a riƙa ba yaran yankinmu maganin rigakafi wata wata a damina. A 2021 aka amince da allurar rigakafi ta farko, RTS,S, ta biyu kuma, R21, a 2023, Nijeriya ta fara yi wa yara ita a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. An shaida Aljeriya ta rabu da cutar a 2019, Masar kuma a 2024.

Duk da haka, a 2023 an ƙiyasta mutum wajen miliyan 263 suka kamu a duniya, kusan 597,000 suka mutu, yawancinsu yaran Afirka ne 'yan ƙasa da shekara 5, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar kuwa a Nijeriya su ke.

To, masu bincike sun yi nasu, suna kuma kan yi. Ragowar tana hannun masu riƙon jama'a. Dubagarin da ya sa aka kifar da tsohon kasko, da dagacin da ya tara samari aka yaye kwata kafin ruwa ya sauka, da mai unguwar da ya tabbata an kai yara allura har sun cika adadinta, da ma'ajin da bai yanke kuɗin tsabta ba ran da aljihu ya yi ƙunci, kowannensu yana ƙarasa aikin da Ross ya fara ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda aka ba amanar gari, sai ya tuna da Ismailiyya da Firitawun, ya duba wadda garinsa zai bi.