Yohanna Nyuton: Mai Fataucin Bayi Da Ya Zama Fasto

An haifi Yohanna Nyuton a birnin Landan, ƙasar Ingila, a shekara ta 1725. Uwarsa mai tsoron Allah ce, amma ta rasu tun bai cika shekara 7 ba. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne, shi kuwa yaron ya fara bin jirgi yana ɗan shekara 11. Ya girma da taurin kai da mugun baki. Aka kama shi tilas zuwa jirgin yaƙi, ya gudu, aka komo da shi, aka yi masa bulala a gaban jama'a.

A 1745 ya sauka a gaɓar Saliyo, ya shiga aikin wani mai cinikin bayi. A can ya sha yunwa da ciwo da wulakanci, har bayin da ke cikin mari suna taimakonsa da abinci a ɓoye. A 1748, sa'anda yana komawa gida, babban hadari ya taso wa jirginsu, suka fid da rai. A nan ne ya roƙi jinƙan Allah, ya soma karanta Littafi Mai Tsarki.

Amma ga abin baƙin ciki. Ya bar zagi da saɓo, bai bar fataucin mutane ba. Daga 1750 zuwa 1754 ya shugabanci jiragen bayi har sau 3. Yana addu'a a ɗakinsa, mutane kuwa suna ƙarƙashin jirgi a ɗaure, waɗansu suna mutuwa a hanya. Ba lamirinsa ne ya raba shi da wannan aiki ba, ciwo ne. Haka al'ada takan rufe wa mutum ido.

Ya sami aikin kwastan a Libaful, yana koyon Helenanci da Ibrananci. A 1764 aka naɗa shi mai hidimar ikilisiya a garin Olni. Shi da abokinsa Wiliyam Kupa suka buga littafin waƙoƙi a 1779, ana raira waɗansunsu har yau. A 1780 ya koma Landan, sunansa ya fita, mutane suna zuwa neman shawara a wurinsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Wiliyam Wilbafos, ɗan majalisar ƙasa, wanda ya so ya bar siyasa. Nyuton ya gargaɗe shi ya tsaya, ya bauta wa Allah a can.

Da ya so, da ya yi shiru ya tsare girmansa. Amma a 1788, shekara 34 bayan ya bar jirgi, ya rubuta ƙaramin littafi a kan cinikin bayi. Ya bayyana muguntar da ya gani da wadda ya yi da hannunsa, ya yarda cewa shaidarsa ta makara, ya ce abin kunya ne gare shi muddin ransa. Aka aika wa 'yan majalisa littafin, shi kansa kuma ya ba da shaida a gaban masu bincike. Maganarsa ta yi nauyi, gama babu mai iya cewa bai san abin ba. A watan Maris 1807 aka hana jiragen Ingila cinikin bayi. Nyuton ya rasu a watan Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82, idonsa ya kusa rufewa.

Ya ku dattawa da fastoci da malamai, mu lura. Tubansa bai komo da ko ɗaya daga cikin waɗanda ya sayar ba, jinkirinsa kuma laifi ne. Duk da haka bai ɓoye ba, bai ɗora wa zamani ba, bai kuwa zauna yana kuka kawai ba. Ya faɗi laifinsa a fili, sa'an nan ya mai da shi makami domin ceton waɗansu. Wanda ya ɓata hanya, komawa ita ce gaba.