Ibn Muƙla, Wazirin da Ya Auna Haruffa da Bakin Alƙalami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, a littafinmu na bana mun zaɓi mu kawo tarihin wani mutum da kusan kullum muke cin amfanin aikinsa, alhali da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Sunansa Abu Ali Muhammad ɗan Ali, amma an fi saninsa da Ibn Muƙla. Kalmar muƙla a Larabci ƙwayar ido ke nan. An haife shi a Bagadaza shekara ta 272 bayan Hijira, zamanin daular Abbasiyya. Ya fara aiki yana mai karɓar haraji a ƙasar Farisa, daga nan waziri Ibnul Furat ya jawo shi a jiki, ya yi ta hawa har halifa Muƙtadir ya naɗa shi waziri a shekara ta 316 (928 Miladiyya). Sau uku ya riƙe wazirci, ƙarƙashin halifofi uku: Muƙtadir, Ƙahir da Radi. Kowane hawa kuma da saukarsa, wani lokaci har da ɗauri da ƙwace dukiya.

To amma ba don wazirci ake tuna shi yau ba, don rubutu ne. Kafin zamaninsa kowane magatakarda yana jan haruffa yadda hannunsa ya saba. Shi ne ya zauna ya yi musu ma'auni, kuma ma'aunin daga bakin alƙalami ya ciro shi. In ka fiƙe alƙalamin kara ka ɗora bakinsa a takarda ka ɗan ja, zai bar ɗigo mai kusurwa huɗu. Wannan ɗigon shi ne mudun awonsa. Da shi ake auna tsawon alif, misali ɗigo biyar ko bakwai a jere, gwargwadon irin rubutun. Sai a zana da'ira wadda faɗinta ya yi daidai da tsawon alif ɗin, sauran haruffa masu lanƙwasa kamar nun da sin da jim duk a daidaita su da ita. Kun ga ke nan ko alƙalami babba ne ko ƙarami, haruffa ba za su fita daga tsari ba, tunda ɗigon yana girma ko ƙanƙancewa tare da bakin alƙalamin. Wannan tsari ake kira haɗɗul mansub. A kansa aka gina nau'o'in rubutu shida da suka shahara, cikinsu har da nasahi da sulusi.

Hatta tawada bai bar ta baya ba. Malam Ƙalƙashandi na Masar, cikin littafinsa Subhul A'asha, ya kawo yadda Ibn Muƙla yake haɗa tasa. Ana samun kunkunniyar man da ake ƙonawa a fitila a tankaɗe ta da kyau, a zuba ruwa ninki uku, a sa zuma da gishiri da dakakken ƙaro da afsu, wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itace mai aiki irin na bagaruwa. Sai a yi ta juyawa a kan wuta marar ƙarfi har ta yi kauri kamar laka, a ajiye. Duk wanda ya taɓa dama gawayi da ƙaro ya cika kurtunsa ya san wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ƙaron ne ke sa baƙin ya kama allo ko takarda, jiya da yau.

Ƙarshensa kuwa abin tausayi ne. A shekara ta 324 mulki ya koma hannun wani shugaban soja, Ibn Ra'iƙ, wanda ya riƙe dukiyar Ibn Muƙla. Shi kuma ya shiga rubuta wasiƙu a ɓoye don a kawar da shi. Asiri ya tonu, aka kama shi, aka yanke masa hannun dama a shekara ta 326. Ku duba fa, hannun da ya tsara wa duniyar Musulmi rubutu. Masu tarihi sun ruwaito cewa bai daina ba: yakan ɗaura alƙalami a dungun hannun ya ci gaba da rubutu. Daga baya aka yanke masa harshe. A kurkuku ba shi da mai yi masa hidima, har yakan ja guga da hannun hagu ya riƙe igiyar da baki. A nan ya rasu cikin watan Shawwal na shekara ta 328 (940 Miladiyya).

Bayansa Ibnul Bawwab ya ɗauki tsarin ya ƙara masa kyau, daga baya Yaƙut Musta'asimi ya ɗora a kai. Rubutun allonmu da na Alƙur'anan da alarammominmu ke rubutawa da hannu, asalinsa daga Magrib ya zo mana. Amma littattafan fiƙihu da nahawu da hadisi da ake bugowa muna karantawa a aji, yawancinsu da nasahi ne, kuma nasahi a kan awon wannan bawan Allah ya tsayu.

'Yan'uwa ɗalibai, akwai abin lura a nan. Wazirci sau uku ya zo masa, sau uku ya tafi, ƙarshe ma neman komawa cikinsa ne ya ci masa hannu. Ilimin da ya bari kuwa ya haura shekara dubu ana aiki da shi. Mu kuma yanzu bik ya yawaita, waya ta shigo, wasunmu ko fiƙe alƙalami ba su iya ba, wasu in sun yi rubutu a kaye, bayan mako guda su kansu sai sun yi ta lalube. Muna roƙon malamanmu su ware mana lokacin koyon haɗɗi, iyayenmu kuma su riƙa duba hannun yaransu kamar yadda suke sauraron haddarsu.

Allah Ya jiƙan Ibn Muƙla, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.