Atanasiyus: Bishop ɗin Iskandariyya da sarakuna huɗu suka kora

A wani dare na watan Fabrairun shekarar 356, sojojin daular Rum suka kewaye wani coci a Iskandariyya ta ƙasar Masar, jama'a na tsaka da ibada. Bishop ɗin birnin, Atanasiyus, suka zo kamawa. Cikin turmutsutsun da ya biyo baya ya sulale, ya kwashe shekara shida yana ɓuya, galibi a wurin 'yan zuhudun hamada.

Karo na uku ke nan da aka raba shi da kujerarsa, kuma da sauran biyu a gaba.

An haife shi a ƙarshen ƙarni na uku. Yana matashin dikon ya raka Bishop Alekzanda taron Nikiya na 325, wanda Sarki Kustantin ya kira don raba gardamar da ta tsaga ikilisiya. Wani limami mai suna Ariyus na koyar da cewa Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya yi watsi da wannan, ya tsaya kan cewa zatinsa ɗaya ne da na Uba. A 328 Atanasiyus ya gaji Alekzanda.

Sai dai hukuncin taro daban, ra'ayin fada daban. A zaman da aka yi a Taya a 335, abokan hamayyarsa sun zarge shi da kashe wani bishop mai suna Arseniyus, har da yanke masa hannu don tsafi. Aka fito da mutumin da ransa, da hannayensa biyu. Duk da haka aka tsige shi, sannan Kustantin ya kore shi zuwa Trier, a Jamus ta yau, bisa ƙarar cewa ya yi barazanar hana hatsin Masar isa babban birnin daular.

Zamanin Kustantiyus, ɗan Kustantin, ya fi tsanani. Bishop-bishop suka riƙa sa hannu kan abin da sarki ke so, wasu don tsoron kora. Hosiyus na Kurɗuba, dattijon da ya kusa shekara ɗari kuma jigo a taron Nikiya, ya miƙa wuya a 357. Liberiyus na Rum ma ya sassauto bayan ya ɗanɗana gudun hijira. A tarukan Rimini da Selukiya na 359, an tilasta wa mafi yawa amincewa da aƙidar da ta jingine kalmar Nikiya.

Daga nan ne Kiristocin baya suka riƙa kwatanta shi da ringi, wato 'yan kaɗan da ke tsayawa idan jama'a suka kauce, kamar mutum 7,000 da Littafi Mai Tsarki ya ce ba su durƙusa wa gunki ba a zamanin Annabi Iliya. Har laƙabi aka yi masa na mutumin da ya ja da duniya shi kaɗai.

Laƙabin ya ɗan wuce gona da iri. Talakawan Iskandariyya da 'yan zuhudu ne suka ɓoye shi, suka yaɗa rubuce-rubucensa, ciki har da tarihin Antoniyus na hamada. Kuma shi ma ba kanwar lasa ba ne: wata wasiƙa ta zamanin da aka gano a Masar tana kukan yadda mutanensa suka lakaɗa wa 'yan wani ɓangaren coci duka.

Sarki Yuliyan ya kore shi a 362, Balens ya sake a 365. Cikin shekara 45 da ya yi yana bishop, kusan 17 a waje ya yi su. Shi ne ya naɗa Furumentiyus bishop na farko na Habasha, kuma wasiƙarsa ta Ista ta 367 ce ta fara jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda suke a yau.

Ya rasu a Iskandariyya ranar 2 ga Mayun 373, yana kan kujerarsa. Shekara takwas bayan haka taron Kustantiniyya ya sake tabbatar da aƙidar Nikiya. Kibɗawan Masar na lissafa shi a matsayin shugaban cocinsu na 20.