Dakta Ambedkar Na Indiya: Yaron Da Aka Hana Taɓa Famfo

A wannan fitowa filinmu na tarihin mazan jiya zai tsallaka teku zuwa ƙasar Indiya. Yawancinmu abin da muka sani game da ƙasar nan bai wuce fim da waƙa da kayan da muke sarowa ba, alhali kuwa akwai wani al'amari a can wanda ba kasafai ake nuna mana shi a fim ba.

Mabiya addinin Hindu tun dauri sun raba mutane aji-aji, kuma haihuwa ce ke ba mutum ajinsa. A sama akwai Brahmin, wato malaman addini, sai sarakuna da mayaƙa, sai 'yan kasuwa, sai masu hidima. Ƙarƙashin waɗannan huɗu akwai wasu miliyoyin bayin Allah da ba a ma sa su cikin lissafi ba. Su ke shara, su ke kwasar bahaya, su ke jan mushe da jima. Wai taɓa su najasa ne, a wasu wuraren har inuwarsu ake gudu. A yau suna kiran kansu Dalit, ma'ana waɗanda aka murƙushe.

Cikin irin wannan gida aka haifi Bhimrao Ramji Ambedkar, ranar 14 ga Afrilu, 1891, a barikin soja na garin Mhow. Shi ne na goma sha huɗu kuma auta. Mahaifinsa soja ne a rundunar Turawan Ingila, daga zuriyar Mahar, kuma mutum ne mai matsa wa 'ya'yansa a kan karatu. Da aka sa yaron makaranta a garin Satara, ba ya zama tare da sauran yara. Buhu yake zuwa da shi daga gida ya shimfiɗa a gefe, in an tashi ya naɗe abinsa. In ƙishirwa ta kama shi ba shi da ikon taɓa famfo, sai dai masinja ya zo ya tsiyaya masa ruwa daga sama. Ranar da masinja bai zo aiki ba kuwa, haka zai wuni da ƙishi. Allah Sarki!

Duk da haka yaro ya yi karatu. Ya sami digiri a Bombai a 1912, sannan Sarkin Baroda ya ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 1913. Daga baya ya tafi Landan ya karanta tattalin arziki da aikin lauya, har ya haɗa digirin dakta biyu. To amma da ya komo Baroda a 1917 domin ya biya bashin karatunsa da aiki, ka san me ya tarar? Masinjojin ofis ba sa miƙa masa fayil hannu da hannu, daga nesa suke jefa masa a kan tebur. Ya rasa mai ba shi hayar ɗaki a duk faɗin garin. Ya ɓoye asalinsa ya sauka a wani masauki na 'yan Parsi, da suka gano sai suka zo masa da sanduna suka kore shi. Ya tattara ya koma Bombai, inda ya kafa jaridar Mooknayak a 1920.

Abin da ya fito da sunansa sosai shi ne rikicin ruwa na garin Mahad. Tun 1923 majalisar Bombai ta zartar cewa tafkuna da rijiyoyi na gwamnati kowa yana da ikon amfani da su. Hukumar garin Mahad ta amince a kan takarda, amma tafkin garin mai suna Chavdar, wanda dabbobi ke sha, ɗan Mahar bai isa ya ɗebi ruwansa ba. Ranar 20 ga Maris, 1927, Ambedkar ya ja dubban mutanensa suka gangara bakin tafkin cikin natsuwa, ya durƙusa ya kamfaci ruwa da hannu ya sha, su ma suka sha. Ba a jima ba sai aka baza jita-jita cewa wai za su wuce su shiga ɗakin bautar garin. Nan take 'yan manyan aji suka fito da gorori suka auka wa mutanen, waɗansu ma suna cikin cin abinci, aka farfasa wa da yawa kai. Kafin 'yan sanda su yi wani abin kirki an riga an gama ta'adi. Mutanensa sun fi masu harin yawa, amma ya hana su ramawa. Daga baya aka ɗaure mutum biyar wata huɗu-huɗu.

Abin takaici ma na gaba. Mutanen gari suka ce tafki ya ƙazantu, suka kwaɓa kashin shanu da fitsarinsu da nono suka zuba ciki, wai tsarki ke nan. Kai jama'a, kashin saniya ya fi hannun ɗan Adam tsarki! Suka kuma garzaya kotu suka ce tafkin mallakarsu ne, aka ba da odar hana Dalit zuwa wurin. Ambedkar lauya ne, bai karya odar ba, amma ranar 25 ga Disamba na shekarar ya sa aka ƙone littafin Manusmriti, wanda ya tsara wannan bambanci, a bainar jama'a. Shari'ar ta ja shekara goma. Sai a 1937 babbar kotun Bombai ta ba su gaskiya.

A 1930 an sake irin wannan a garin Nashik, inda suka nemi shiga ɗakin bautar Kalaram. Aka yi musu ruwan duwatsu, aka rufe ƙofa, aka yi shekara biyar ana ja. Ganin haka, a 1935 a garin Yeola ya shelanta cewa ko da yake a cikin addinin Hindu aka haife shi, ba a cikinsa zai mutu ba.

Tsakaninsa da Gandhi kuwa ba a sha inuwa ɗaya ba. A 1932 Turawa suka amince Dalit su riƙa zaɓen wakilansu su kaɗai. Gandhi yana kurkukun Yerawada ya ce zai daina cin abinci har ya mutu in ba a soke ba. Ambedkar ya san in tsohon nan ya mutu, talakawansa na ƙauye za a huce a kansu. Dole ya sa hannu a yarjejeniyar Poona, aka ware musu kujeru 148 maimakon 71, amma kowa da kowa ke jefa ƙuri'a. Mu 'yan kasuwa mun san irin wannan ciniki: an ƙara maka kaya, an karɓe makullin shago.

Da Indiya ta sami 'yanci a 1947 aka naɗa shi Ministan Shari'a, kuma shi ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulki, wanda ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950. Sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum. Ya ajiye muƙami a 1951 saboda an yi wa dokarsa ta haƙƙin mata a gado da aure riƙon sakainar kashi. Ranar 14 ga Oktoba, 1956, a Nagpur, ya koma addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Ciwon sukari ya riga ya ci jikinsa, ya mutu a Delhi ranar 6 ga Disamba, 1956.

Doka ta canza, amma sandar ba ta sauka ba. A 1978 majalisar jihar Maharashtra ta ce a sa wa Jami'ar Marathwada sunansa, sai aka bi ƙauyuka ana ƙona gidajen Dalit, aka kuma zargi 'yan sanda da naɗe hannu da ƙin karɓar ƙara. Sai 1994 sunan ya hau. Ranar 11 ga Yuli, 1997, mazauna wata unguwar talakawa a Bombai, wadda yanzu ake kira Mumbai, suka wayi gari an rataya wa mutum-mutuminsa takalma a wuya. Suka fito zanga-zanga suka tare hanya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, mutum goma suka mutu. Hukumar binciken da aka kafa ta ɗora laifin a kan jami'in da ya ba da umarni, Manohar Kadam, amma sai 2009 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma ba a daɗe ba babbar kotu ta ba da belinsa. Unguwar sunanta Ramabai Nagar, sunan uwargidan Ambedkar ke nan, wadda ta rasu a 1935.