William Paterson: Ɗan kasuwar da ya kafa Bankin Ingila, ya jawo wa ƙasarsa asara

A farkon shekarun 1690, Sarki William na Uku na Ingila yana fafata yaƙi da Faransa, baitulmali kuwa ya ƙafe. Masu kuɗi suna ɗari-ɗari da fada, domin ba su manta da 1672 ba, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya dakatar da biyan bashin da maƙeran zinariya na Landan ke bin sa, har wasunsu suka karye. Wanda ya yarda ya ba da rance kuwa, sai ya tsawwala kuɗin ruwa.

Wanda ya kawo mafita shi ne William Paterson, ɗan wani manomi, wanda aka haifa a yankin Dumfriesshire na Sikotlan a 1658. Tun yana saurayi ya bar gida, ya yi fatauci a tsibiran Karebiyan, sannan ya dawo Landan ya zama ɗan kasuwa.

Shawarar da ya gabatar a 1691 ita ce attajirai su haɗa jari su kafa banki, su ranta wa gwamnati, Majalisa kuma ta tsaya a matsayin lamuni maimakon kalmar sarki. A 1694 aka amince. Cikin kwana 12 aka tara fam miliyan 1.2, aka miƙa wa gwamnati bisa kuɗin ruwa kashi 8 cikin 100 a shekara, da ƙarin fam 4,000 na gudanarwa. Haka aka haifi Bankin Ingila.

Sirrin tsarin yana ga inda kuɗin ruwan ke fitowa. Majalisa ta ware harajin jiragen ruwan kasuwanci da na barasa don biyan fam 100,000 ɗin nan duk shekara. Wato mai sayen kaya a kasuwa ne ke biyan ribar masu hannun jari. Sai dai tabbacin biyan ya kwantar da hankalin masu ba da rance, har zuwa tsakiyar ƙarni na 18 gwamnatin Birtaniya na cin bashi a kan kashi 3 kacal.

Paterson bai ci moriyar abin da ya shuka ba. A 1695 ya saɓa da sauran daraktoci, ya fice daga bankin. Ya koma Sikotlan da sabon buri: kafa matsugunin kasuwanci a Darien, cikin ƙasar Panama ta yau, don haɗa cinikin tekuna biyu. Jama'a suka yi alkawarin zuba fam 400,000. A Yulin 1698 jirage biyar suka tashi da mutum kusan 1,200, har da shi da iyalinsa. Zazzaɓi da yunwa suka yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Matarsa da ɗansa suka rasu a can. Ya dawo a 1699 da ciwo a jiki.

Wannan asara na cikin dalilan da suka kai Sikotlan ga haɗewa da Ingila a 1707, haɗewar da Paterson ya mara wa baya. Ya rasu a Landan a Janairun 1719. Bankin da ya bari bayan shekara guda kacal yana nan har yau, kuma shi ke tsayar da kuɗin ruwa a Birtaniya.