Alain Locke: Rayuwar Ɗalibi Baƙo a Ƙasar Turai

Duk shekara ana samun 'yan'uwanmu daga Yankwashi da Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa waɗanda kan tashi zuwa Masar ko Sudan ko Indiya ko Ingila neman ilmi. Masu rakiya sukan damu da kuɗin makaranta da sanyi da abinci. Ba a cika tambayar wa zai riƙe ɗalibin idan gari ya juya masa baya ba, balle idan yana ɗauke da wani al'amari na rayuwarsa wanda ba ya iya faɗa wa kowa. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani masani baƙar fata na Amurka, watau Alain Locke, wanda ya yi karatu a Ingila da Jamus cikin irin wannan hali. Yana da alaƙa da mu ɗaliban adabi, domin aikinsa ya taɓa adabin baƙar fata har zuwa Afirka.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Locke ranar 13 ga Satumba, 1885, a birnin Filadelfiya. Sunan mahaifinsa Pliny, mahaifiyarsa kuwa Mary, kuma dukkansu sun yi aikin koyarwa. Mahaifin ya rasu a 1892, ya bar yaron a hannun uwa, shi kaɗai gare ta. Tun yana ƙarami wani zazzaɓi ya taɓa masa zuciya, ciwon da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Ya tashi ɗan siriri, tsawonsa bai kai ƙafa biyar ba, saboda haka ya bar wa tsara wasan guje-guje ya rungumi littafi da kiɗan fiyano.

Ya shiga Jami'ar Harvard a 1904, ya gama a 1907 da sakamako mai daraja a fannin falsafa da adabin Ingilishi.

Zuwansa Oksfod

A wannan shekara ta 1907 aka zaɓe shi daga Jihar Pennsylvania ya ci tallafin karatu na Rhodes, wanda ke kai ɗalibi Jami'ar Oksfod da fam 300 a shekara. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu. Abin mamaki, dukiyar ta Cecil Rhodes ce, Baturen da ya tara ta da gumin baƙaƙe a ma'adinan kudancin Afirka. Ɗaliban Amurka 'yan jihohin kudu suka tayar da ƙayar baya, suka nemi a soke zaɓen. Masu kula da wasiyyar ba su soke ba, amma kwalejoji da dama na jami'ar suka ƙi karɓarsa, sai daga baya Kwalejin Hertford ta ba shi wuri.

Bai daɗe da sauka ba ƙungiyar Amurkawan jami'ar ta shirya liyafar godiya da sukan yi kowane Nuwamba, aka gayyaci kowa ban da shi. Wani Bayahude mai suna Horace Kallen, wanda ya san shi tun a Harvard, ya ƙi halartar liyafar saboda wannan wulaƙanci. Abota ta ƙullu tsakaninsu, kuma daga hirarrakinsu ne aka ce ra'ayin nan ya tsiro na cewa al'umma ɗaya tana iya ɗaukar al'adu da yawa ba tare da wata ta haɗiye wata ba.

Wannan shi ne nauyin da kowa ke gani a fatarsa. Akwai na biyu da ba a gani. Locke namiji ne wanda zuciyarsa ta karkata ga maza 'yan'uwansa, bai kuma taɓa aure ba. A Ingila ta wancan zamani wannan laifi ne a doka. A shekarar da aka haife shi majalisar ƙasar ta ƙara tsananta hukuncin, kuma da wannan doka aka ɗaure shahararren marubuci Oscar Wilde shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895. Shi ma Wilde tsohon ɗalibin Oksfod ne, Bature, mai suna da masu gida. In har irinsa bai tsira ba, mai karatu ya auna matsayin baƙon ɗalibi baƙar fata wanda tuni wasu ke neman dalilin korarsa. Magana ɗaya ta ishe su. Da ta fita, tallafi ya tafi, suna ya ɓaci, sannan a ce ga abin da ya sa ba a ba baƙar fata irin wannan dama.

Waɗanda Suka Riƙe Shi

A ganina nan ne tarihinsa ya fi ba da sha'awa. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko yana da ido, to Locke ya nemi 'yan jagora a inda mutanen ƙasarsa ba su duba ba. Ya shiga ƙungiyar ɗalibai baƙi ta jami'ar, inda 'yan Indiya da Masar da Afirka ta Kudu ke haɗuwa suna tattauna mulkin mallaka. A can ya shaƙu da Pixley Seme, Bazule mai karatun shari'a, wanda daga baya ya zama cikin waɗanda a 1912 suka kafa ƙungiyar da ta koma ANC. Su biyu suka yi ƙoƙarin haɗa kan ɗalibai 'yan asalin Afirka da ke Ingila cikin ƙungiya ɗaya. Yaron da ya baro Filadelfiya yana ganin kansa ɗan boko mai ɗabi'un Turawa, a wannan zama ya fara kallon Afirka da idon girmamawa.

Sai kuma mahaifiyarsa. Wasiƙa ba ta yankewa tsakaninsu, ta kai kusan kullum. Ita ce ma'ajiyar kukansa, ita ce kuma mai tura masa 'yan kuɗi daga ɗan albashinta na malamar makaranta idan ya ci bashi, kuma ya sha ci, domin mutum ne mai son sutura da zaman ƙasaita fiye da ƙarfin aljihunsa. Wannan aibi ne, bai kamata a rufe shi ba.

Game da sirrinsa kuwa, ya bar kaza cikin gashinta. Ya san wanda zai buɗe wa ciki da wanda zai gaisa da shi a wuce. Idan an yi hutu sai ya tsallaka zuwa Faransa ko Jamus, inda idon sani bai kai ba. Wannan taka-tsantsan ta kare shi daga kotu, amma ta ci masa rai da kaɗaici. Karatun ma bai tafi daidai ba: ya sauya fanni, jami'a ba ta karɓi kundinsa ba, ya bar Oksfod a 1910 babu digiri.

Daga nan ya koma Jami'ar Berlin, ya yi 1910 zuwa 1911. Jamus ma tana da dokar hani, sashe na 175 na kundin laifuffukanta, wanda ba a soke shi gaba ɗaya ba sai 1994. Sai dai a Berlin akwai wani likita, Magnus Hirschfeld, wanda tun 1897 ya kafa kwamiti yana neman a soke dokar, kuma birnin yana da faɗin da mutum zai ɓace a cikinsa. Locke ya ƙaunaci Berlin, ya yi ta komawa can shekaru da yawa. Abin lura a nan shi ne rubutacciyar doka daban, yadda gari ke zartar da ita daban, kuma tilas baƙo ya san duka biyun. Yau al'amarin ya juya: Ingila ta sassauta dokarta a 1967, Nijeriya kuwa ta kafa tata mai ɗaurin shekara 14 a 2014. Ɗalibi mai irin halin Locke da ya fita daga nan, abin da zai fi tsoro shi ne labarin da zai riga shi isowa gida.

Aikinsa Bayan Komawa

Ya kama koyarwa a Jami'ar Howard ta baƙar fata da ke Washinton a 1912, ya sami digirin digirgir a falsafa daga Harvard a 1918. Mahaifiyarsa ta rasu a 1922, rashin da ya girgiza shi ƙwarai. A 1925 hukumar jami'ar ta sallame shi bayan takaddama kan bambancin albashi tsakanin malamai farare da baƙaƙe, aka mai da shi a 1928.

A cikin wannan shekara ta kora ya fitar da littafin da ya ɗaukaka sunansa, The New Negro, tarin waƙoƙi da labarai da maƙalu na matasan marubuta baƙar fata. Shi ya sa ake kiransa uban farfaɗowar adabi ta unguwar Harlem. Ya yi kira ga masu zane da marubuta su koma ga fasahar Afirka su ɗebo, maimakon kwaikwayon Turai. Littafin ya isa hannun ɗalibai baƙaƙe a Faris, ya zama cikin abubuwan da suka share fage ga tafiyar su Senghor da Césaire.

Abin da ya rasa yana ɗalibi ya yi ƙoƙarin ba na baya. Ya nema wa Langston Hughes da Zora Neale Hurston tallafin wata attajira, Charlotte Mason. Matashin mawaƙi Countee Cullen, wanda ke fama da irin damuwarsa, ya same shi mai saurare da ba da shawarar abin karantawa. Amma taimakon Locke ba ya rasa igiya a jikinsa. Yana son a bi ra'ayinsa, wani lokaci kuma yakan gauraya jagoranci da son zuciyarsa, har ta kai shi da Hughes suka ɓata. Wanda ke neman inuwa a baƙon wuri yana da abin dubawa a nan ma.

Rasuwarsa

Ya yi ritaya a 1953, ya koma Niyu Yok, ciwon zuciyar nan ya ɗauke shi ranar 9 ga Yuni, 1954. Bayan zaɓensa an yi fiye da shekara hamsin kafin wani baƙar fatar Amurka ya sake cin tallafin Rhodes. Takardunsa da wasiƙunsa suna ajiye a Jami'ar Howard, kuma da su Jeffrey Stewart ya rubuta tarihinsa a 2018, wanda ya ci lambar Pulitzer a 2019, ya kuma bayyana abin da marigayin ya ɓoye.

An ƙone gawarsa, tokar ta yi ta yawo daga hannun aboki zuwa wani har ta ƙare a ma'ajiyar jami'ar. Sai ranar 13 ga Satumba, 2014, shekara 60 bayan rasuwarsa, aka binne ta a wata maƙabarta a Washinton, da kuɗin da baƙaƙen da suka ci tallafin Rhodes bayansa suka tara.